Yadda ɗalibin injiniyan jirgin ruwa zai shiga ƙungiyar ƙwararru, ya kuma wakilci 'yan'uwansa a cikinta

Shiga ƙungiyar IMarEST a matsayin ɗalibi kyauta ne, kuma cike fom ɗin ba ya cin rabin awa idan netwok bai yi gardama ba. Wannan sauƙin shi ne matsalar. Da yawa daga cikin yaranmu da ke karatun injiniyan jirgin ruwa a Oron, ko Fatakwal, ko Okerenkoko, sukan shiga, su ɗauki hoton saƙon maraba su sa a sitatus, abokai su yi musu barka, daga nan ba sa ƙara waiwayar ƙungiyar sai ranar da suka zauna rubuta CV. Ba su yi asarar ko sisi ba, amma ba su tsinci komai ba. Amfanin yana zuwa ne bayan rajista, idan ɗaliban makaranta suka haɗa kai suka zama reshe mai motsi, suka samu mutum guda da zai riƙa kai maganarsu gaban manyan injiniyoyi ya dawo musu da amsa. A nan zan fi daɗewa.

Da farko, san abin da za ka shiga

IMarEST taƙaitaccen sunan cibiyar injiniyoyi da masana kimiyya da fasahar teku ne, hedikwatarta tana Landan. An kafa ta a 1889, zamanin da jiragen tururi ke karɓe teku daga hannun waɗanda iska ke turawa, mutanen ɗakin inji kuma suna neman a san da zamansu. A 1933 ta samu takardar amincewar masarautar Ingila. Tana cikin ƙungiyoyin da IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara dokokin sufurin teku, ta ba damar halartar zamanta su ba da shawara. Har asusun taimakon iyalan injiniyoyi da ke tare da ita yana da tarihi: ya samo asali ne daga kuɗin da aka tara bayan nutsewar Titanic a 1912, inda ko injiniya ɗaya bai tsira ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai RINA, ita ma a Landan, tun 1860, wadda ta fi karkata ga masu zana jirgi da gina shi. Akwai SNAME ta Amurka, tun 1893, mai rassan ɗalibai a jami'o'i. A gida kuma akwai NIMENA, ɓangaren injiniyoyin ruwa da masu zanen jirgi a ƙarƙashin ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, NSE. Shawarata a taƙaice: wanda zuciyarsa ke ɗakin inji ya fara da IMarEST, wanda ke son zane da lissafin jikin jirgi ya leƙa RINA, kuma duk wanda ya san a Najeriya zai ci abinci kada ya raina NIMENA, domin mutanenta ne zai tarar a ma'aikatu da tashoshin Legas da Onne da Warri. Shiga biyu ba laifi. Wanda ya shiga huɗu, tara kati kawai yake yi.

Sai gargaɗi, tun kafin wani ya ci kuɗinka. Zama mamba ba lasin ba ne. Takardar ƙwarewar da ke ba ka damar tsayawa gadi a ɗakin inji, NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ce ke bayar da ita bisa STCW, yarjejeniyar duniya kan horo da takardun ma'aikatan jirgin ruwa. Rajistar da ke ba ka damar kiran kanka injiniya a ƙasar nan kuma ta COREN ce, hukumar da ke tsara aikin injiniya a Najeriya. Ƙungiya ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu, ba ta kuma da jirgin da za ta ɗora ka a kai. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya yi maka rajistar ɗalibi ta IMarEST, ko ya ce katin zai sama maka aiki a jirgi kai tsaye, ka juya masa baya.

Mataki na 1: takardu da fom

Abin da za ka tanada kaɗan ne: shaidar cewa kai ɗalibi ne a yanzu, wato katin makaranta ko takardar samun gurbi ko wasiƙa daga sashe, sai sunan kwas ɗinka kamar yadda makaranta ke rubuta shi, da shekarar da ka fara da wadda ake sa ran za ka gama. Ɗauki hoton takardar a wuri mai haske, a kan teburi, ba a kan cinya ba, yadda kowane harafi zai fito. Ka shiga shafin ƙungiyar da kanka, ka zaɓi matakin ɗalibi, ka cike. Kadet, wato masu horon zama jami'an jirgi, da masu koyon aiki su ma wannan matakin ne nasu.

Abu biyu ne ke jawo wahala daga baya, kuma duka a fom ɗin farko ake shuka su. Na ɗaya suna. Mu mutanen Arewa mun saba da wannan rikici: katin makaranta ya ce Muhammad, takardar WAEC ta ce Mohammed, fasfo ya ce Muhammed, a wani wurin sunan uba ne a ƙarshe, a wani sunan gari. A harkar teku fasfo ne alƙali. Yadda aka rubuta sunanka a fasfo, haka zai zauna a littafin ma'aikacin jirgi da takardun STCW, don haka shi za ka kwafa harafi da harafi. Idan ba ka yi fasfo ba tukuna, bi abin da ke kan NIN ɗinka, domin da shi za a yi fasfon.

Na biyu imel. Idan makaranta ta ba ka adireshinta, yana taimakawa wajen nuna kai ɗalibi ne, amma ranar da ka gama za a iya rufe shi. Gara ka sa naka na kanka, mai ɗauke da sunanka na gaskiya. Adireshin da ka buɗe kana sakandare da laƙabin ɗan ƙwallo ba shi za ka aika wa cif injiniya wasiƙa da shi ba.

Idan an amince, za a ba ka lambar mamba. Rubuta ta a littafi, kada ka dogara da waya kaɗai.

Mataki na 2: watan farko

Kada ka bar wata ya fita ba ka yi abu uku ba. Ƙungiyar tana da rassa a yankuna daban-daban: ka duba a bayananka wane reshe aka haɗa ka da shi, ka nemi adireshin sakataren reshen. Ka shiga ɗaya ko biyu daga cikin rukunonin da ƙungiyar ke kafawa a kan fannoni na musamman, inda masu aiki ɗaya ke tattauna matsala ɗaya. Zaɓi wanda ya yi kusa da abin da kake so ka yi furojet a kai. Sannan ka saurari lacca guda daga cikin waɗanda ake ajiyewa a shafin, tun daga farko har ƙarshe, da biro a hannu. Akwai mujallar Marine Professional, akwai kuma mujallun bincike da malamanka ke wahalar samu. Ɗalibin da ya kawo wa mai duba furojet ɗinsa takarda daga can, ya riga ya fara cin ribar shigarsa.

Data tana da tsada, na sani. Ku haɗa kuɗi ku biyar, ku kalla a kwamfuta ɗaya. Sau da yawa daga irin wannan zaman ne reshen ɗalibai ke tsirowa.

Mataki na 3: haɗa reshen ɗalibai

Tambayi na gaba da kai ko an taɓa yin reshe a makarantarku. Sau da yawa za ka tarar an yi, ya mutu ranar da waɗanda suka kafa shi suka gama. Tayar da matacce ya fi kafa sabo sauƙi, domin sunan makarantar yana nan a rubuce a wajensu.

Idan babu, fara da mutane kafin takarda. Ka samu kamar goma sha biyar zuwa ashirin da suka yi rajista da gaske, kowa da lambarsa, kuma kada su zama 'yan aji ɗaya. Rabinsu su fito daga ajin farko da na biyu. Dalili a fili yake: 'yan ajin ƙarshe suna bakin ƙofa, na tsakiya kuma SIWES, wato zuwa koyon aiki a masana'antu, za ta kwashe su wata shida.

Sai malami. Reshen da ba shi da malami mai tsaya masa ba ya samun ɗakin taro, ba ya samun motar makaranta, wasiƙarsa kuma ba ta wuce teburin sakatariya. Nemi malamin da shi kansa mamba ne, ko wanda ya taɓa aiki a jirgi. Shi zai shige maka gaba zuwa wajen shugaban sashe. Ranar da za ku shiga, ku je ku biyu ko uku cikin shiga mai kyau, da takarda shafi ɗaya a hannu. Kada ka fara da tarihin 1889. Ka ce: “Ranka ya daɗe, mu ashirin ne muka yi rajista, ga sunayenmu. Ba kuɗi muka zo nema ba. Ɗaki muke roƙo sau ɗaya a wata, da sa hannunka a wasiƙar da za mu aika wa reshe.” Shugaban sashen da ya ji ba kuɗi ake nema ba, yakan gyara zama ya saurara. Yawancin makarantu kuma suna so a yi wa kowace ƙungiya rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ku yi, don kada wata rana a ce taronku ba bisa ƙa'ida yake ba. A makarantun kadet irin ta Oron, inda rayuwa ke tafiya da fareti da ƙararrawa, ku nemi izini ta hanyar da tsarin makarantar ya shimfiɗa, kada ku tsallake kowa.

Daga nan ku rubuta wa reshen da kuke ƙarƙashinsa, ku sa hedikwata a kwafi. Wasiƙar da Turanci za ta kasance, gajeriya: ko ku su wane ne, ku nawa ne, sunan malaminku, abu uku da kuke son yi a shekarar farko, da roƙon a aiko muku da ƙa'idojin kafa reshen ɗalibai da ake aiki da su yanzu. Abin da suka aiko shi za ku bi wajen sunayen muƙamai da amfani da tambarin ƙungiya. Kada ku buga tambarin a riga ko fosta kafin a ba ku izini. Idan mako biyu ya wuce shiru, ku sake aikawa cikin ladabi. Masu riƙe da rassa 'yan sa-kai ne, wani yana teku, wani yana fama da aikin ofis.

Mataki na 4: zaɓe

Muƙamai huɗu sun isa: shugaba, sakatare, ma'aji, da mai shirya taruka. Ku daina ƙirƙiro mataimakin mataimaki don kowa ya samu abin sawa a CV. A sanar da ranar zaɓe mako biyu kafin ta zo, masu lambar mamba kaɗai su jefa ƙuri'a, malami ya zauna a matsayin shaida, a ƙirga a gaban kowa, a rubuta sakamako a sa hannu. Wa'adi shekara ɗaya. Ku sa a ƙa'idarku cewa sakatare dole ya fito daga ajin da ke ƙasa.

Ga wata magana da ba kowa ke son ji ba. Ɗan Arewa da ya tsinci kansa a Akwa Ibom ko Bayelsa, dole ya nemi 'yan'uwansa, kuma hakan daidai ne. Akwai ƙungiyoyin jiha da na masallaci don wannan. Reshen ƙwararru ba nan ba ne. Ranar da aka fara cewa “bana namu ne zai hau”, an gama da shi, domin rabin mambobi za su daina zuwa. Ɗakin injin da kake shirin shiga, za ka iya tarar da cif ɗan Indiya, na biyu ɗan Yukren, mai gyaran lantarki ɗan Filifin. Gara ka koyi aiki da wanda ba yarenku ɗaya ba tun kana makaranta. Haka nan wajen sa lokacin taro: kada ya faɗa kan sallar Juma'a, kada ya faɗa safiyar Lahadi, da azumi kuma a matso da shi hantsi. 'Yan mata kadet ba su da yawa, kuma an saba tura musu muƙamin ma'aji ko rabon lemo. Idan akwai wadda ta fi kowa iya tsara magana, ita ce wakiliyarku.

Mataki na 5: aikin wakili

Wakili shi ne wanda ke tsakanin ɗalibai da kwamitin reshe na manya. Wani wuri shugaban ɗalibai ne ke riƙe wannan, wani wuri a ware mutum daban. Ko yaya ne, abu na farko shi ne ka nemi a riƙa gayyatarka zaman kwamiti, ko ta bidiyo ne, kuma a ba ka minti biyar a ajanda. Ka tambaya tun farko ko kana da ƙuri'a ko sauraro da ba da rahoto ne naka, don kada ka ɗaga hannu inda bai kamata ba.

Kuskuren sabon wakili iri biyu ne. Wani ya shiga ya ga furfura, ya yi gum har a tashi, ya dawo yana ba da labarin wanda ya gaisa da shi. Wani kuma ya shiga da zafin siyasar ɗalibai, ya zazzage koke-koke goma sha biyu, daga ruwan hostel har tsadar hanɗawut. Dukansu ba su kawo komai gida ba. Mutanen da ke zaune a wannan teburin injiniyoyi ne: ka ba su matsala ɗaya mai iyaka, da alƙaluma, da abin da kake so su yi.

Ɗauki babbar damuwar kowane kadet, wato samun gurbin horo a jirgi. Dokar STCW, wadda aka fara a 1978 aka yi mata babban gyara a 1995 da kuma a Manila a 2010, ta ce wanda ke son takardar injiniya mai gadi a jirgin da ƙarfin injinsa ya kai kilowat 750 ko fiye, in ya bi ta tsarin horon da aka amince da shi, sai ya haɗa aƙalla wata 12 na koyon aikin hannu da zama a jirgi, wata 6 daga ciki a ɗakin inji yana gadi ƙarƙashin kulawar injiniya, komai kuma a rubuce a littafin horo. Ba watannin nan, ba takarda, komai kyan sakamakonka. Kowa a harkar ya san nan ne ake cushewa a Najeriya. Hatta shirin NSDP da NIMASA ta fara a 2008 don tura matasa karatu waje ya sha fama da wannan. Don haka idan ka tashi a zaman kwamiti ka ce “ba mu da gurbin jirgi”, ba ka faɗa musu sabon abu ba. Za su girgiza kai, su ce Allah ya kyauta, a wuce.

Ga yadda za ka yi. Mako biyu kafin zaman, ka raba gajeren fom ga waɗanda suka gama a shekaru biyu da suka wuce da 'yan ajin ƙarshe. Tambaya biyar kawai: yaushe ka gama, ka samu jirgi ko ba ka samu ba, wata nawa ka yi kana jira, kana da takardun horon kariya na farko da shaidar lafiya ta ma'aikacin jirgi da fasfo ko babu, kuma an taɓa neman kuɗi a hannunka don a ba ka gurbi. Ka tattara amsoshin a shafi ɗaya, ba sunan kowa. Tambaya ta huɗu za ta iya ba ka mamaki, domin wani yana kukan rashin jirgi alhali ko an kira shi gobe takardunsa ba su cika ba, wannan kuwa abu ne da reshenku zai iya gyarawa da kansa ta hanyar zaunar da 'yan aji uku a nuna musu jerin abin da ake nema. Ta biyar kuma ka riƙe ta da hankali: ka faɗi adadi, kada ka ambaci sunan kamfani ko mutum a bainar taro ba tare da hujja a hannu ba.

Sannan ka rufe da roƙo ɗaya wanda wani a ɗakin zai iya cewa “na ɗauka”. Misali: mambobi uku da ke aiki a kamfanonin jiragen ruwa su faɗa mana watan da kamfaninsu ke ɗaukar kadet da abin da ake dubawa. Ko: a samo mana injiniya ɗaya da zai duba CV ɗin 'yan ajin ƙarshe. Idan wani ya amsa, rubuta sunansa da ranar da ya ce, ka tabbata ya shiga rubutaccen bayanin taron. Bayan kwana biyu ka aika masa da godiya, wadda a cikinta akwai tunatarwa.

Wajen magana, ka ba manya girmansu ba tare da ka narke ba. A irin wannan zama a Najeriya ana kiran mutum Injiniya wane, ko Cif idan ya riƙe ɗakin inji, ko Kyaftin. Idan Bature ne ko wani baƙo daga hedikwata ya ce ka kira shi da sunansa kai tsaye, ka kira shi, ba raini ba ne a wajensu. Ka tsaya a kan minti biyar ɗinka.

Rabin aikin da ake mantawa shi ne dawowa. Cikin kwana uku ka rubuta wa mambobi abin da ka kai, abin da aka ce, wa ya ɗauki me, da abin da aka ƙi. Har wanda aka ƙi ɗin, ka faɗa. Wakilin da ke ɓoye “a'a” don kada a ce ya gaza, nan gaba ko ya kawo “e” ba mai yarda. Kuma kada ka taɓa yi wa kowa alkawarin jirgi. Akwai jarabawa a nan: kai ne ke gaisawa da manya, kai za a fara sani, wataƙila kai za a fara yi wa tayi. Idan gurbi ya zo ta hannunka da sunan reshe, ka sanar da kowa a fili, a bi sharaɗin da mai bayarwa ya gindaya. In kai ma kana so, ka nema kamar kowa, ka bar malami ya yi zaɓen.

Mataki na 6: tarukan da ke riƙe mutane

Taro ɗaya mai kyau a wata ya fi biyar na surutu. Idan za ku gayyaci tsohon cif injiniya, kada ku ce ya zo ya ba ku shawara, domin zai yi awa biyu yana cewa ku dage. Ku ba shi tambaya. A ce: wuta ta ɗauke gaba ɗaya a jirgi yana cikin mashigi, me injiniya mai gadi zai yi a minti na farko? Ku karanta labarin jirgin Dali kafin ya zo, wanda wutarsa ta ɗauke ya daki gadar Baltimore a Amurka ranar 26 ga Maris 2024, ma'aikata shida da ke gyaran titin gadar suka mutu. Ku zo da sanin cewa dokar SOLAS, yarjejeniyar kare rayuka a teku, ta ce janareton gaggawa ya tashi da kansa ya ɗauki lodi cikin daƙiƙa 45. Za ku ga yadda dattijon zai miƙe ya karɓi alli, ya zana allon rarraba wuta, ya nuna muku wane famfo ne ke fara tsayawa da dalilin da babban inji ke mutuwa idan man shafawa ya daina zagayawa. Wannan darasin ba ya cikin hanɗawut.

Wata rana ku sauka wokshop, ku kwance injektan tsohon injin dizal, kowa ya riƙe allurar a hannunsa ya ga ƙanƙantar ramukan da mai ke fita. Wata rana ku yi muhawara a kan dokar da ta rage sinadarin salfa a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari tun 1 ga Janairun 2020, da burin IMO na 2023 na kawo hayaƙin da ke ɗumama duniya zuwa sifili wajen 2050: wane mai ne zai gaji baƙin mai, methanol ko ammoniya ko gas? Ku ne za ku tsaya gaban waɗannan injuna. Ranar 25 ga Yuni, ranar ma'aikatan jirgin ruwa ta duniya, dama ce ta gayyatar reshen manya su zo makaranta.

Ga wanda ya fito daga Arewa kuma, akwai aikin da ke jiransa a gida. Haɗarin kwalekwale kusa da Warra a jihar Kebbi a Mayun 2021, da na Bagwai a Kano a Nuwamban shekarar, da na yankin Patigi a Kwara a Yunin 2023 inda fiye da mutum 100 suka rasu, duk suna komawa ga abubuwan da ake koya muku a aji: lodi fiye da ƙima, daidaiton jirgi a kan ruwa, lafiyar katako da inji, rigar ceto. Furojet da zai auna kwalekwalen katako irin na Yawuri ko Lokoja, ya fitar da adadin mutanen da zai iya ɗauka lafiya, abu ne da za ka iya gabatarwa gaban reshe, ka kuma kai ofishin NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida.

Batun kuɗi a gajarce: tunda rajista kyauta ce, kada ku ɗora wa mutane haraji mai nauyi. Karo-karo don taro takamaimai ya isa. Kuɗi kada ya kwana a asusun mutum ɗaya ba tare da mutum biyu sun sani ba, kowane kashewa da rasit, ma'aji ya karanta lissafi a ƙarshen zango.

Mataki na 7: rubuta abin da ka yi, ka miƙa ragama

IMarEST tana da izinin Majalisar Injiniyoyi ta Birtaniya na yi wa mutum rajistar EngTech da IEng da CEng, wato matakai uku na amincewa da ƙwarewar injiniya. Ranar da za ka nemi ɗaya daga ciki, shekaru bayan ka fara aiki, za a auna ka a fanni biyar: ilimi, warware matsalar injiniya, ɗaukar nauyi da jagoranci, iya magana da mu'amala, da riƙon amanar sana'a. Uku na ƙarshe su ne ke ba matasa wahala, su ne kuma aikin wakilci ke fara koya maka. Ba a fafe gora ranar tafiya: buɗe littafi tun yau, duk abin da ka shirya ko ka halarta ka sa kwanan wata, me aka yi, mene ne naka a ciki, me ka koya. Layi huɗu sun isa.

Wata biyu kafin ka tafi SIWES ko jirgi ko ka gama, a yi zaɓe. Wanda zai gaje ka ya bi ka zaman kwamiti aƙalla sau ɗaya, ka gabatar da shi da bakinka. Ka miƙa masa jerin mambobi da lambobinsu, bayanan taruka, lissafin kuɗi, sunayen waɗanda suka yi alkawari ba su cika ba tukuna, da mabuɗin imel ɗin reshe. Imel ɗin nan tun farko a buɗe shi da sunan reshe, malami ma ya san mabuɗin, kuma rukunin WhatsApp ya kasance da masu kula uku daga aji daban-daban. Idan kana tsakiyar teku ba netwok, ba wanda zai iya jiran ka dawo ka buɗe musu.

Kai kuma da ka karɓi sakamako, matsayin ɗalibi ya ƙare. Shiga shafinka ka gyara bayananka, ka nemi hawa matakin AMIMarEST, wato matakin mamba da ke gaba da na ɗalibi. Daga nan ana biyan kuɗin shekara, amma akwai rangwame ga sababbin masu gamawa, don haka ka nema kafin rajistar ɗalibin ta faɗi. Idan aiki ya kai ka wani gari ko wata ƙasa, canza adireshi don a mayar da kai reshen da ke kusa, ka aika wa sakatarensu saƙo a makon farko cewa ka iso.